Tsaba da Ƙaiƙayi: Yadda Ake Tace Wasiƙun Imel

Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa ƙasar Dingaya, a ƙaramar hukumar Gwaram ta Jihar Jigawa, a lokacin kaka, ba zai rasa ganin mata a masussuka suna sheƙar gero ko dawa ba. Mace takan ɗaga ƙwarya sama, ta riƙa tsiyayo hatsi sannu a hankali zuwa wata ƙwaryar da ke ƙasa, iska ta kwashe ƙaiƙayi, tsaba kuma ta faɗa inda ake so. Aikin yana da sauƙi a ido, amma mai yin sa ta san akwai awo a cikinsa. In iska ta yi rauni, ƙaiƙayi ya koma cikin hatsi. In kuwa ta cika ƙarfi, sai ta haɗa har da tsaba ta watsar.

A yau 'ya'yan waɗannan mata suna da wata sheƙar da za su yi, amma a cikin wayar hannu. Ɗalibin da ya gama sakandare a Gwaram ko Birnin Kudu, yake son shiga Jami'ar Tarayya ta Dutse ko kwalejin koyon aikin jinya ta Birnin Kudu, sai ya mallaki adireshin imel, wato wasiƙar lantarki. Da shi yake shiga shafin hukumar JAMB, da shi ake neman bashin karatu na NELFUND da aka buɗe a 2024, da shi kuma ake neman aiki a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu ko a wata ma'aikata. Sai dai akwatin da wasiƙar kira zuwa ganawa take faɗawa, shi ne kuma matattarar tallace-tallace da wasiƙun 'yan damfara. Wasiƙa guda mai amfani tana iya nutsewa cikin ɗari marasa amfani, har wa'adinta ya wuce mai ita bai sani ba. Saboda haka yana da kyau mai karatu ya san yadda na'ura take rarrabe wasiƙu, da inda take kuskure, da abin da mutum zai yi da hannunsa don ya gyara mata.

Asalin sharar

A 1971 ne wani injiniya ɗan Amurka mai suna Ray Tomlinson ya aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata, ya kuma zaɓi alamar @ don ta raba sunan mutum da sunan na'urar da akwatinsa yake. Ba a yi shekara goma ba aka fara ɓata hanyar. A watan Mayu na 1978, shekarar da aka kafa JAMB a Nijeriya, wani ɗan talla na kamfanin DEC mai suna Gary Thuerk ya aika wa mutum kusan 400 tallar sababbin kwamfutoci ba tare da sun nema ba. Wannan ita ake ɗauka a matsayin wasiƙar shara ta farko. A 1994 kuma wasu lauyoyi biyu, Laurence Canter da Martha Siegel, suka watsa tallar taimaka wa masu neman cacar bizar Amurka a dubban zaurukan Usenet, daga nan sana'ar ta kankama.

Turawa suna kiran irin wannan wasiƙa Spam. Asalinsa sunan wani naman gwangwani ne da kamfanin Hormel ya fito da shi a 1937. A 1970 'yan wasan barkwanci na Monty Python a Ingila suka yi wani wasa inda aka yi ta maimaita sunan har ya danne duk wata hira, sai aka ari kalmar aka laƙa wa saƙon da ke cika wuri ya hana a ji mai amfani.

Dalilin yawan sharar ba boyayye ba ne. A gidan waya, mai aika wasiƙa shi ke sayen ambulan da kan sarki, don haka wanda zai aika dubu sai ya yi tunani. A imel kuwa, kuɗin aika miliyan bai fi na aika goma da wani abin kirki ba. Wanda aka aika wa shi ke biya, da lokacinsa da kuɗin datarsa. Ko mutum ɗaya cikin dubbai ya faɗa tarko, mai aikawa ya ci riba. Bugu da ƙari, tsarin isar da wasiƙu da aka rubuta a 1982, wanda ake kira SMTP, bai tanadi hanyar tabbatar da mai aikawa ba. Kowa yana iya rubuta sunan da ya ga dama a wurin, kamar yadda mutum yake iya rubuta sunan wani a bayan ambulan.

Nijeriya ta yi ƙaurin suna a wani reshe na wannan sana'a, wato damfarar 419, wadda ta samo suna daga sashe na 419 na kundin dokar laifuffuka. Dabarar ta girmi imel, don an san irinta a Turai tun ƙarni na 19, amma intanet ta faɗaɗa ta. An kafa hukumar EFCC a 2003, an kuma yi dokar laifuffukan intanet a 2015, duk don yaƙi da irin wannan. A 2012 wani mai bincike na kamfanin Microsoft, Cormac Herley, ya yi bayanin abin da ya sa labarin waɗannan wasiƙu yake zama na rainin hankali. A ganinsa da gangan ne: mai wayo yana gani zai watsar, wanda ya rage ya amsa shi ne mai saurin yarda, shi kuma ɗan damfara yake nema. Ashe shi ma ɗan damfara sheƙa yake yi.

Abin da na'ura take gani

Kowace wasiƙar imel kashi biyu ce. Akwai kai, wanda yake daidai da ambulan: mai aikawa, wanda aka aika wa, kanun wasiƙa, ranar aikawa, da jerin kwamfutocin da ta ratsa. Sannan akwai ciki, wato rubutun da abin da aka liƙa masa na hoto ko takarda.

A wurin mai aikawa abu biyu ne suke fitowa, kuma bambancinsu shi ne ginshiƙin wannan batu. Na farko sunan da ake nunawa da manyan baƙaƙe, wanda kowa yake iya ƙirƙira. Na biyu adireshin kansa, musamman abin da ya biyo bayan alamar @, wanda za a iya kira sunan gida. A Nijeriya an keɓe wa hukumomin gwamnati sunan da ya ƙare da gov.ng, manyan makarantu kuma edu.ng. Gidan JAMB shi ne jamb.gov.ng, na Jami'ar Tarayya ta Dutse kuma fud.edu.ng. Wasiƙar da ta zo da sunan wata hukuma a sama, amma adireshinta ya ƙare da gmail.com, abar tuhuma ce. A waya sau da yawa sunan kawai ake gani, sai an taɓa shi adireshin yake bayyana.

Don toshe ƙofar ƙarya, an fito da wasu matakai uku masu suna SPF da DKIM da DMARC. Na farko jeri ne na kwamfutocin da mai gida ya yarda su aika wasiƙa da sunansa. Na biyu hatimi ne na lissafi da ake buga wa wasiƙa. Na uku kuma umarnin mai gida ne game da abin da za a yi wa wasiƙar da ta kasa cin waɗannan gwaje-gwaje. Daga Fabrairun 2024 kamfanonin Google da Yahoo suka wajabta wa masu aika wasiƙu da yawa bin waɗannan matakai.

Ƙa'ida: in kaza, to kaza

Tsofaffin ma'aikatan gidan waya sun san aikin rarraba wasiƙu. Akawu yana tsaye gaban kanta mai ƙananan ramuka, ya ɗauki ambulan, ya dubi adireshi, ya jefa ta ramin Gwaram ko na Birnin Kudu ko na Dutse. Ƙa'idar imel wannan akawun ce, sai dai ba ta gajiya, ba ta kuma tunani. Rabi biyu gare ta: sharaɗi da hukunci. Sharaɗin yana iya zama adireshin mai aikawa, ko wata kalma a kanun wasiƙa, ko girman wasiƙar, ko kasancewar an liƙa mata takarda. Hukuncin kuma yana iya zama a kai ta wata jaka, ko a sa mata tauraro, ko a tura wa wani, ko a goge ta.

Dabarar tsohuwa ce. Tun 1990 aka fito da manhajar procmail mai yin wannan aiki a manyan kwamfutoci, a 2001 kuma aka wallafa wani harshe na musamman na rubuta ƙa'idoji mai suna Sieve, kalmar da ma'anarta rariya. A yau Outlook da Thunderbird da Gmail duk suna da wurin kafa ƙa'ida a cikin saitinsu. Gmail ya ɗan bambanta, domin maimakon jaka laƙabi yake sa wa wasiƙa, kuma wasiƙa ɗaya tana iya ɗaukar laƙabi biyu ko fiye. Ana kafa ƙa'idar Gmail ta shafinsa na kwamfuta, amma da zarar an kafa ta, za ta ci gaba da aiki a waya, domin a kwamfutocin kamfanin take zaune. Ƙa'idar da aka kafa a cikin Thunderbird kuwa ba ta aiki sai an buɗe manhajar a kwamfutar da aka kafa ta. Wannan bambanci yana da muhimmanci a inda wutar lantarki ba ta da tabbas.

A Outlook da Thunderbird ana bin ƙa'idoji ne daga sama zuwa ƙasa. Idan ƙa'idar gogewa ta riga ta cetowa, wasiƙar ta tafi kafin a kai ga mai cetonta. Don haka jerin da aka yi musu ɓangare ne na aikin.

Raunin ƙa'ida shi ne ba ta san ma'ana ba, baƙaƙe kawai take gwadawa. A 1996 rariyar kamfanin AOL ta hana mazauna garin Scunthorpe na Ingila buɗe akwati, saboda a tsakiyar sunan garin akwai baƙaƙen wata kalmar batsa. Mai rubutu da Hausa yana da tasa matsalar. A wurin kwamfuta, d da ɗ haruffa ne daban, haka k da ƙ. Wanda ya kafa ƙa'ida a kan kalmar kuɗi, sai ya ƙara da kudi da kud'i, don kowa da yadda yake bugawa. 'Yan shara ma sun daɗe da gane wannan rauni, sukan sauya harafi da lamba ko su cusa ɗigo a tsakiyar kalma, ido ya karanta, ƙa'ida ta kasa kamawa.

Rariyar lissafi

Da aka ga ƙa'idojin hannu ba za su iya tseren ba, sai masana suka koma ga lissafi. Manhajar SpamAssassin ta 2001 tana yi wa wasiƙa gwaje-gwaje masu yawa, kowanne da makinsa, in jimla ta kai 5 a ɗauke ta shara. Wata hanyar kuma ta dogara ne da ka'idar wani malamin coci ɗan Ingila, Thomas Bayes, wadda aka wallafa a 1763 bayan rasuwarsa. Masu bincike sun gwada ta a kan imel a 1998, amma maƙalar da Paul Graham ya rubuta a watan Agustan 2002 ita ta yayata ta.

Alal misali, a ɗauka mutum ya ware wasiƙun shara 100 da na kirki 100. Na'ura ta ƙirga, ta ga kalmar "gaggawa" ta fito a 60 na sharar, a na kirki kuwa 5 kacal. Ke nan cikin wasiƙu 65 masu wannan kalma, 60 shara ne, wato kimanin kashi 92 cikin ɗari. Kalmar "Dingaya" kuwa wataƙila ba ta fito a shara ko ɗaya ba, sai a wasiƙun 'yan uwa, don haka ita shaidar kirki ce. Idan sabuwar wasiƙa ta zo, na'ura takan tattara shaidar kalmominta ta auna, in awon ya haura iyakar da aka sa, ta tura ta jakar shara. Duk lokacin da mai akwati ya danna alamar cewa wannan shara ce, ko ya tsamo wata daga shara, darasi ya ba na'urar.

A 2004, a taron Davos, Bill Gates ya yi hasashen cewa cikin shekara biyu za a kawo ƙarshen matsalar. Hasashen bai tabbata ba, amma rariyar ta inganta ƙwarai. Manyan kamfanoni yanzu suna haɗa kalmomi da tarihin mai aikawa da hukuncin miliyoyin masu akwati, har Google yana cewa yana tare fiye da kashi 99.9 cikin ɗari na shara kafin ta iso.

Kuskure iri biyu

A nan ne batun iskar masussuka ya dawo. Rariya tana iya kuskure ta hanya biyu: ta bar shara ta shigo, ko ta jefar da wasiƙar kirki. Duk wanda ya tsananta awo don ya rage na farko, ya ƙara na biyu, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Sharar da ta shigo, daƙiƙa biyu ta isa a goge ta. Wasiƙar kirkin da ta faɗa shara kuwa ba wanda zai sanar da mai ita, sannan Gmail yana goge abin da ke jakar shara bayan kwana 30. Shi kansa Graham ya jaddada cewa wannan kuskure na biyu shi ne mafi muni.

Abin takaici, wasiƙun da ɗalibi ya fi buƙata sun yi kama da shara a idon na'ura. Daga baƙon adireshi suke zuwa, a tare ake aika wa mutane da yawa, suna ɗauke da kalmomin taya murna da wa'adi da umarnin a danna wata mahaɗa. Rariyar kamfani ta san halin jama'a gaba ɗaya, amma ba ta san cewa wani yaro a Dingaya yana jiran amsa daga Dutse ba. Wannan sanin mai akwati kaɗai ke da shi, kuma ƙa'ida ita ce hanyar gaya wa na'ura. Saboda haka babban amfanin ƙa'idar hannu a yau shi ne ceton tsaba. Korar ƙaiƙayi na'ura ta fi mutum iyawa.

Tsarin da ya dace da ɗalibi

Matakin farko ya riga ƙa'ida, shi ne mallakar akwatin. Abu ne sananne cewa ɗalibai da yawa a shagon intanet ake buɗe musu adireshi ranar rajista, su tafi ba su riƙe kalmar sirri ba, wani lokacin ma lambar wayar mai shago aka sa ta farfaɗo da akwatin. Ya kamata ɗalibi ya sauya kalmar sirri, ya sa tasa lambar, ya kuma tabbata ya fita daga akwatinsa kafin ya bar kujera.

Sai ƙa'idar ceto, wadda ita za a fara kafawa. Duk hukumar da ɗalibi ya nemi wani abu a wurinta, ya dubi adireshin wasiƙar farko da ta aiko masa lokacin rajista, domin wasu hukumomi sukan aika ta hannun wani kamfani. Ya kafa ƙa'ida a kan wannan adireshi: kada a taɓa kai shi shara, a sa masa tauraro da laƙabin karatu ko aiki. A kan adireshi za a kafa ta, ban da sunan da ake nunawa. Kuma a taƙaita ta, domin kowace ƙa'idar ceto ƙofa ce da aka hana mai gadi bincikawa.

Bayan nan sai ƙa'idar rarrabawa. Sanarwar banki ta tafi jakarta, saƙonnin Facebook da makamantansu su tafi tasu ba tare da sun tsaya a babban akwati ba. A Gmail mutum yana iya ƙara alamar + da wata kalma a bayan sunansa, kafin @, wasiƙar kuma ta iso masa. Wanda ya ba kowace hukuma irin wannan adireshi daban, rarrabawa ta zo masa da sauƙi, zai kuma gane wanda ya fitar da adireshinsa in shara ta fara zuwa ta nan.

Ƙa'idar gogewa ita ce ta ƙarshe, kuma gara a guje ta. Garin neman gira ake rasa ido. Maimakon gogewa a tura abin da ake zargi wata jaka, a riƙa leƙa ta tare da jakar shara sau ɗaya a mako, a lokacin neman makaranta ko aiki kuwa kullum.

Talla daga kamfanin da mutum ya sani, yana iya danna wurin janye suna da ke ƙasanta, kamar yadda masu waya suke aika saƙo ga lamba 2442 da hukumar NCC ta fito da ita a 2016 don tsayar da saƙonnin talla. Wasiƙar ɗan damfara kuwa ba a amsa ta, ba a danna komai a cikinta, domin yin haka ya nuna masa akwai mai rai a akwatin. Banki ba ya neman lambar sirrin kati ko lambar da ya turo ta waya ta hanyar imel. Wasiƙar da ta yi barazanar rufe asusu in ba a aiko da BVN ba, ko ta nemi kuɗi kafin a ba da gurbin aiki, ta riga ta bayyana kanta. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Akwai kuma hanyoyi biyu da wasiƙa take ɓacewa ba laifin rariya. Google yana ba kowane akwati fili kyauta da bai wuce gigabait 15 ba, kuma hotuna da bidiyon da waya take ajiyewa a can suna cin wannan fili. In ya cika, sabuwar wasiƙa ba ta shiga. Har ila yau, daga Disambar 2023 kamfanin yana iya goge akwatin da aka yi shekara biyu ba a buɗe ba.

Kammalawa

Daga 1978 zuwa yau, masu shara da masu rariya suna ta tsere, kowane ɓangare yana koyo daga ɗaya, kuma ba alamar za a daina. Abin da ya rage a hannun mai akwati kaɗan ne, amma shi ne mafi daraja: ya riƙe mabuɗin akwatinsa, ya gaya wa na'ura wasiƙun da yake jira, ya kuma riƙa duba abin da ta zubar. Duka aikin bai wuce rabin awa a gaban kwamfuta ba, kuma malaman sakandare a Gwaram da Birnin Kudu suna iya koya wa 'yan ajin ƙarshe shi kafin lokacin rajista, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. Mai sheƙa ma in ta gama, ba ta barin masussuka sai ta koma kan tsibin ƙaiƙayi ta tsince tsabar da iska ta kwasa.